Lakar da Ta Kwanta a Hitar Manaja

Akwai wani mutum da kowa ke kira Manaja, har iyayen da suka haife shi. Shi ne babba a wani kamfanin sayar da kayan ofis, kuma tun ranar da aka ba shi kujerar, sunansa na gaskiya ya ɓata a bakin mutane.

Yana zaune da matarsa, wadda ake ce wa Malama don tana koyarwa a firamare, da kuma iyayensa biyu da suka tsufa. Baba ya yi shekara arba'in yana gyaran famfo kafin hannunsa ya fara rawa. Inna kuwa ciwon gwiwa da na ƙugu ya cinye ta. Likita ya ce kullum da safe ta zauna a kujerar wanka, a sakar mata ruwan ɗumi har gaɓoɓinta su saki.

Ranar da ta samu, tana takawa har tsakar gida ta yi wa kowa faɗa. Ranar da ba ta samu ba, ko juyi a gado sai an taimaka mata.

A banɗakin gidan akwai hita, babbar farar tukunyar ɗumama ruwa da lantarki, manne da bango. Manaja ne ya saye ta lokacin da ya gina gidan, Baba ne ya ɗaura ta da hannunsa. Shekara da shekaru tana ba da ruwa, ba wanda ya taɓa tuna ta.

Sai ruwan zafi ya fara raguwa. Da farko kaɗan ne. Daga baya shawa ta koma tsiyaya. Ita kuma hitar, da an kunna ta sai ta dinga ƙugi kamar cikin mai jin yunwa, wani lokaci har da fas-fas.

Wata safiya Inna ta ɗaga kai ta dubi shawar, ta ce, "Wannan ruwa ne ko hawayen munafuki?"

Malama ta yi dariya a ranar. Bayan wata biyu ta daina dariya.

Domin aikin a kanta ya faɗa. Kafin gari ya gama wayewa ta ɗora manyan tukwane biyu a wuta. Ta juye a bokiti, ta ɗauko daga kicin, ta bi dogon baranda, ta hau matakala uku, ta sirka, ta dinga zuba wa Inna da kofi. Sau huɗu take wannan sawun. Sannan ta shirya yara, ta shirya kanta, ta isa makaranta tana haki, ta tsaya gaban yara sittin har azahar. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Amma idonta ya zurma, kuma sau biyu aka same ta tana gyangyaɗi a kan littattafan da take dubawa.

Manaja bai zauna haka ba, kada a yi masa ƙarya. Ya sayo sabon kan shawa mai walƙiya. Ruwa bai ƙaru ba. Ya murɗa zafin hitar har ƙarshe. Ɗan abin da ke tsiyaya ya koma kamar zai sale fata, ƙugin kuma ya ƙaru.

Malama ta ce, "Baban yara, anya ba hitar ce ba?"

Ya ce, "Hitar nan? Kin san wace iri ce kuwa? Babu irinta a layin nan. Ai kina gani tana dafa ruwa."

Wata rana ana cin abinci, Baba ya gyara murya ya ce, "Da za a buɗe ta ƙasa, a zubar da..."

"Baba, don Allah. Wannan ba irin ta zamaninku ba ce. Ka ci abincinka."

Baba ya ja bakinsa ya tsuke. Bai sake cewa uffan a kan maganar ba.

A nan sai na koma baya kaɗan, don ku san daga ina ruwan ya fara ƙafewa.

Shekara uku kafin wannan, Manaja ya kawo wasu manyan abokan aikinsa gida da rana. Suna shigowa suka tarar da Baba tsugune a bakin banɗaki, cikin tsohon wandon aikinsa mai faci a gwiwa. Ya ja tiyo daga hita har tsakar gida, ruwa mai dauɗa yana malala kusa da takalman baƙi.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Tsoho, sannu da aiki. In ka gama nan ka biya gidana, famfon kicin yana yoyo."

Baba ya yi murmushi ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Manaja bai ce wa baƙon "mahaifina ne" ba. Ya wuce da su falo. Da suka tafi, ya tattara akwatin kayan aikin Baba, ya kai sito, ya sa kwaɗo.

Ya ce, "Baba, ka yi wahala a duniya. Yanzu lokacin hutunka ne. In wani abu ya lalace, akwai masu yi."

Maganar ta yi daɗi a kunne. Amma Baba ya san ba hutunsa ake so ba, ɓoye shi ake so. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san bambancin ɗan da ya hutar da ubansa da ɗan da yake jin kunyar ubansa. Baba ma ya sani. Daga ranar ya koma zama a kujerar roba a baranda, da rediyo a cinya.

To, mu dawo.

Ranar wata Talata Malama ta ɗauko bokiti na uku, ƙafarta ta zame a matakala. Tafasasshen ruwa ya kwarara a hannunta na dama, daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Aka kai ta asibiti aka naɗe. Kwana biyu Inna ba ta samu ruwan ɗumi ba, ta kwanta kamar itace.

Sai Manaja ya kira wani mai gyara da wani abokinsa ya yaba masa. Mutumin ya zo da waya a kunne, ya buɗe famfo, ya ƙwanƙwasa bango sau biyu, ya ce, "Yallaɓai, bututun cikin bango ne suka toshe. Sai an fasa banɗakin nan gaba ɗaya an sa sababbi. Aikin wata guda ne." Ko kallon hitar bai yi ba, domin tun a ƙofa Manaja ya faɗa masa lafiyarta ƙalau.

Da yamma Manaja ya tara gida ya yanke hukunci. Ranar Asabar ƙanwarsa, Auta, za ta zo da mota ta tafi da Inna gidanta a wani gari, inda akwai ruwan zafi. Ranar Litinin a fara fasa bango.

Inna ta ce daga gado, "Shi kuma wannan tsohon fa?"

"Inna, gidan Auta gado ɗaya ne ya rage, a ɗakin yara. Baba zai zauna nan. Wata ɗaya ne kawai."

Shekara hamsin da biyu suna tare. Ita ce ke tuna masa maganinsa, shi ne ke shafa mata mai a gwiwa da hannunsa mai rawa. Kullum cikin faɗa suke a kan rediyo da taga. Ba su taɓa raba ɗaki na mako guda ba.

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Mu a shekarunmu, wata ɗaya ba ƙaramin abu ba ne."

Manaja ya ce, "An riga an gama magana." Ya tashi. Shi ma a gajiye yake, ku sani. Amma gajiya ba ta wanke mutum daga taurin kai.

Ranar Juma'a da la'asar Malama tana ninke kayan Inna da hannu ɗaya tana sawa a jaka. Inna ta juya fuskarta bango. Malama ta fito baranda ta sha iska, ta ga Baba zaune, rediyon a kashe. Daga banɗaki hitar tana ƙuginta.

Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, wai me ke damun abin nan?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Ya ce, "'Yar nan, ke ce ta farko da ta tambaye ni."

"To ka faɗa mini."

"Laka ce. Ruwan rijiyarmu yana da farar ƙasa a ciki. Kin ga abin da ke kamawa a gindin butar shayi? Shi ne. In aka dafa ruwa sai ya kwanta a ƙasan hita. Ƙugin da kike ji, ruwa ne ke tafasa ƙarƙashin laka yana neman hanya. In ta yi yawa sai ta farfashe, ta bi ruwan zafi, ta toshe bakin fita da kan kowane famfo. Duk wata shida nakan zubar da ita."

Malama ta dubi hannunta da ke naɗe. Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, ka san haka, kana gani ina ɗaukar bokiti wata biyu?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Na faɗa sau ɗaya aka ce in ci abincina. Sai na yi fushi. Fushina ne ya ƙone ki, 'yar nan. Ki yafe mini."

Kun ji. Shi ma Baba yana da nasa laifin, ba zan rufa masa ba. Tsohon da ya san gaskiya ya haɗiye ta don an ɓata masa rai, ya ci amanar gidansa.

Baba ya ce wa Malama, "Je ki kashe makunnin hitar yanzu, ruwan ya huce kafin safe. Sai dai ni hannuna ba ya riƙe sufana. Ke ma ga naki."

Ta ce, "Akwai mai hannu biyu a gidan nan."

Asabar da safe Manaja ya fito cikin fararen kaya masu guga, yana jiran Auta. A bakin ƙofar ɗakinsa ya yi tuntuɓe da akwatin ƙarfe. Ya gane shi nan take.

"Wa ya buɗe sito?"

Malama ta ce, "Ni ce. Mabuɗin yana aljihun teburinka, ƙarƙashin takardu."

"Da izinin wa?"

Ta ɗaga hannunta mai bandeji. "Da izinin wannan. Baban yara, shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa ƙafa na ture maganarka ba. Yau ina roƙon awa biyu. Ka yi abin da Baba ya ce. In ruwa bai zo ba, ni da kaina zan kai jakar Inna mota."

Ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya sake sauka a kan bandejin. Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗauki akwatin.

Baba yana banɗaki a kan kujerar wankan Inna, ya sa wandon nan mai faci. Bai yi wa ɗansa kallon komai ba. Ya ce, "Buɗe na sanyi."

Ruwa ya fito da ƙarfi.

"Rufe. Buɗe na zafi."

Ya tsiyayo.

"A kicin ma haka ne?"

Malama ta amsa daga ƙofa, "Haka ne, Baba. Ko'ina."

"Bututun sanyi da na zafi rana ɗaya na sa su a bangon nan. In tsufa ne, me ya sa ɗaya ya tsufa ya bar ɗaya? Kwance 'yar rariyar da ke bakin famfon."

Manaja ya kwance, ya juye a tafin hannunsa. Fararen tsakuwoyi ne ƙanana, kamar ɓawon ƙwai da aka daka.

"Tsatsar bututu ja ce. Wannan wane launi ne, Manaja?"

Manaja ya murza su da yatsa, ya zubar.

Baba ya sa shi ya duba makunni a kashe yake. Ya sa shi ya rufe ruwan da ke shiga hitar, ya bar famfon zafi a buɗe don iska ta samu hanya. Ya sa shi ya ɗaura tiyo a ƙaramin famfon da ke ƙasan hitar, wanda Manaja bai taɓa sanin yana nan ba, ya ja bakin tiyon zuwa magudana.

"Buɗe."

Ya buɗe. Ko ɗigo bai fito ba.

Manaja ya miƙe yana kaɗe hannu. "Ka gani ko, Baba? Babu komai a ciki."

"Zauna. Cike take har wuya. Lakar ce ta toshe ƙofar. Cire tiyon, ɗauko waccan wayar mai lanƙwasa, ka zura a hankali. Kawar da fuskarka."

Bai kawar ba. Ya zura sau ɗaya, sau biyu. A na uku abin ya ɓalle. Ruwa mai kauri, kalar ƙasa, ya feso masa daga haɓa har cinya. Fararen kayan nan suka tashi daga aiki.

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, "Me ya fashe?"

Baba ya ce, "Manaja ne ya yi wanka kafin ke."

Malama ta toshe bakinta da gefen mayafi ta juya baya.

Aka mayar da tiyo. Laka ta dinga fita, da gutsattsarin farar ƙasa kamar tsakuwa. Da ta tsaya, Baba ya ce a buɗe ruwan shiga na ɗan lokaci ya dama abin da ya rage, a sake zubarwa. Aka yi haka sau bakwai. Manaja ya kwance bakin bututun da ruwan zafi ke fita, ya tarar ramin ya rage kamar na allura, ya kankare shi. Malama ta jiƙa rariyoyin famfo da sabon kan shawar nan a ruwan tsami. Gwiwoyin Manaja suka yi ciwo, bayansa ya riƙe, sufana ta ɓare masa fatar yatsa.

Yana durƙushe yana mayar da bututu, sai idonsa ya kai bangon da ke bayan hitar. Akwai rubutu da fensir, ƙanana, layi a kan layi. Kwanan wata ne, guda goma, duk wata shida. Na farko rubutun a miƙe yake. Na ƙasa-ƙasa ya fara karkacewa, kamar yadda hannun mai rubutun ya fara rawa.

Ya tsura wa na ƙarshe ido. Ya tuna ranar. Ranar da ya kawo baƙi ce.

Ya kai yatsa ya shafa rubutun. Baba ya ga inda yake kallo, ya kau da kai.

A haka Auta ta shigo da mabuɗin mota a hannu. Ta leƙa banɗaki, ta ce, "Sannunku da aiki. Ina Yaya?"

Mutumin da ke durƙushe cikin laka ya juyo.

"Innalillahi! Yaya, kai ne? Na ɗauka mai gyara ne."

Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Mai gyaran ga shi can a kujera. Ni ɗan aike ne."

Ya miƙe zai kunna makunni don a gama. Baba ya kai masa duka a bayan hannu, duka na gaske, irin wanda bai yi masa ba tun yana firamare.

"Ka kunna ta babu ruwa, ka ƙone ƙarfen da ke dafa ruwan? Cika ta tukuna. Sai famfon zafi ya daina tari ya zubo sumul, sannan ka taɓa wuta."

"To, Baba."

Aka buɗe ruwan shiga, famfon zafi ya yi tari, ya tofar da iska, ya yi tari. Sai ruwa ya ɓalle, mai ƙarfi, fari tas, yana dukan bokiti har yana fantsama. Ba wanda ya yi guɗa. Malama dai ta jingina da ƙofa ta rufe ido, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Bayan awa ɗaya ruwa ya yi ɗumi, hitar kuma shiru. Auta ta kama Inna ta kai ta kujerar wanka. Suna jin ta daga waje tana cewa, "Sakar mini a ƙugu. A'a, hagu. Ke ma hannunki kamar na ubanki." Da ta fito, da ƙafarta ta fito, tana dafa bango. Ta tsaya a kan jakar da aka ɗaure mata, ta ture ta da sanda.

"A mayar mini da kayana inda suke. Kuma wa ya buɗe tagar nan? Kai ne ko?"

Baba ya ce, "Ga ta nan, ta warke."

Manaja bai yi dogon jawabi ba, ba halinsa ba ne. Ya buga wa mai gyaran nan waya ya ce kada a zo ranar Litinin. Ya wanke sufanun ɗaya bayan ɗaya, ya shanya, ya jera su a akwati, ya kai akwatin ɗakin Baba ya tura ƙarƙashin gado. Kwaɗon ya bar shi a sito.

Sannan ya dawo da guntun fensir ya miƙa wa mahaifinsa. Baba ya karɓa, ya kai bango, hannun ya ƙi tsayawa. Ya gwada sau biyu. Ya mayar masa.

"Rubuta kai."

Manaja ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti, ya rubuta kwanan watan ranar a ƙarƙashin na ubansa. Bai miƙe ba ya ce, "Baba, wata shida ka ce?"

"Wata shida. Ka zo da tsofaffin kaya."

Tabon da ke hannun Malama kuwa bai goge ba. Yana nan har yau.

Darasi: Duk abin da ke tafiya daidai a gidanka, akwai wanda ke durƙusawa yana kwashe lakarsa ba ka sani ba. Kada ka ji kunyar sana'ar da ta ciyar da kai, kuma kada ka rufe bakin tsoho da sunan hutar da shi. Kai kuma tsoho, in ka san gaskiya ka faɗe ta sau biyu, sau uku, domin fushinka a jikin marar laifi yake sauka. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku su karanta, kuma wanda iyayensa ke raye ya je yau ya tambaye su wani abu.